Na Bi Sawun Kaka Daga Wusasa Zuwa Cikin Birnin Zariya

Kawu ne ya bugo mini waya a farkon Disamba, ya ce iyali sun tsayar da rana. Za a taru a Wusasa a yi sujadar godiya saboda rayuwar Kaka, a kuma kafa dutse a kabarinta, tunda shekara ta zagayo da rasuwarta. Bai tambaye ni ko zan sami dama ba. Cewa kawai ya yi, “Ke ce kishiyarta. In kowa bai zo ba, ke ki zo.” Haka take kirana tun ina rarrafe, kamar yadda kakanni ke yi wa jikokinsu mata a ƙasar Hausa, kuma ba na jin sunana na baftisma a bakinta sai in ta ɗora hannu a kaina za ta yi mini addu'a.

Na tashi daga Abuja da sassafe, na hau jirgin ƙasa a tashar Idu. Hunturu ya riga ya sauka, hazo ya rufe gari, kowa a tarago ya ƙudundune cikin rigar sanyi. A 2016 aka buɗe layin nan na Abuja zuwa Kaduna, ya kuma ɗauke wa matafiya wahala mai yawa. Amma tun harin da aka kai wa jirgin a watan Maris na 2022, duk wanda ya saba bin sa ya san yadda hira ke mutuwa idan an doshi dajin da ke wajen Katari da Rijana. Dattijuwar da ke kusa da ni ta fito da carbi tana ja, ni kuma ina maimaita Zabura a zuci, cikin waɗanda Kaka ta sa muka haddace muna yara. Da muka wuce wurin sai ta miƙo mini dabino, ta tambaye ni ina na nufa. Na ce Wusasa. Ta ce, “Allah sarki, mutanen asibiti! Ai a can na haifi 'ya'yana biyu na fari.” Na daɗe ina zaune a inda in na ce ni Bahaushiya ce kuma Kirista sai an sake dubana, a ce ko dai Hausar ce kawai na iya. Tsofaffin ƙasar Zazzau ba sa yin wannan tambaya. Sun san mu, sun san iyayenmu.

Daga Rigasa na ratsa gari zuwa tashar Kawo, na tarar da motar Zariya saura mutum ɗaya ta cika. Tafiyar kusan kilomita 80 ce. Rigacikun, Mararrabar Jos, Birnin Yero, Jaji da barikinta na soja, sai gonaki hagu da dama. An gama girbi, an tattara karan dawa an tsayar, masu rake da dankali da tumatir sun jera kaya a bakin titi. Ni dai idona yana gaba, ina neman Dutsen Kufena. Masana tarihi sun ce a gindinsa sarakunan Zazzau suka zauna bayan sun baro Turunku, kafin a koma inda birni yake yanzu. Mu kuwa abin da muka sani shi ne, in ka hango shi ka iso gida. A can Kaka ta yi itace tana yarinya, can muke hawa washegarin Kirsimeti da sauran shinkafa a ƙullin leda. Ranar hazo ya ɓoye shi, sai da na sauka a Ɗan Magaji na hau keke mai ƙafa uku sannan ya bayyana, baƙi wuluk a bayan gidaje.

Gidanmu na nan yadda na san shi. Zaure a gaba, inda baƙo namiji ke tsayawa ya yi sallama, sai tsakar gida da darbejiyarta, rumbu a kusurwa, murhun duwatsu uku da Kaka ta ƙi rabuwa da shi duk da rishon da 'ya'yanta suka saya mata. Gida ya cika da 'yan'uwa daga Jos da Kano da Legas. Aka yi ta “Sannu da hanya, ya muka ji da haƙuri?” kamar jiya aka yi rasuwar. Inna, ƙanwar mahaifiyata, ta kama hannuna ta kai ni ɗakin Kaka kafin ma in sha ruwa.

Ba a taɓa komai ba. Gadon ƙarfe mai rumfa, jeren langa da samira a bango tun na aurenta, akwatin da take ajiye ankon Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan majami'a, tulun kiɗanta a ƙarƙashin gado. A kan ɗan tebur kuma Littafi Mai Tsarki, naɗe a cikin tsohon ɗankwali. Tsohuwar fassara ce, wadda ta fito a 1932. Da sabuwa ta fito kusan shekara hamsin bayan haka an kawo mata, ta karɓa ta yi godiya, tana kai ta majami'a, amma karatun asuba da tsohuwar take yi, don da ita ta koyi haɗa baƙi. Inna ta buɗe mini bayan bango. Na san akwai rubutu a wurin, sai dai ban taɓa zama na karanta ba. Sunaye ne da ranakun haihuwa, da alƙalami iri-iri, har wurin ya cika ta liƙa wasu takardu da ƙullun fulawa ta ci gaba. 'Ya'yanta, jikoki, tattaɓa-kunne. A tsakaninsu kuma, ba tare da ta ware su gefe ba, akwai sunayen da ba a raɗa su a majami'a ba, na 'ya'ya da jikokin danginta Musulmi da ke cikin birni. Wanda ya rasu ta ja masa ɗan layi a ƙasa. Kiran assalatu ne agogonta. Da ladan ya ɗaga murya za ta tashi ta kunna fitila ta durƙusa a gaban gado, ta bi sunayen nan ɗaya bayan ɗaya ta kai su gaban Ubangiji. Muna kwance a bayanta muna jin ta, barci na fizgarmu, kowa na jiran a zo kan sunansa.

Yadda aka yi ta sami dangi a birni, labari ne da ta sha ba mu da daddare a tsakar gida, kuma ba ta fara shi daga kanta. Daga Kano take farawa, daga wani malami da ake kira Malam Ibrahim, wanda a tsakiyar ƙarni na 19 ya duƙufa kan abin da aka faɗa game da Annabi Isa, har ya tara almajirai, aka kuma kashe shi a kasuwa saboda koyarwarsa. Mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka watsu, wasu suka yi wajen Ningi, wasu suka shigo ƙasar Zazzau. Sai ta tsallako zuwa Likita Mila, Baturen Ingila na mishan ɗin Angilikan, wanda ya je Tarabulus ya koyi Hausa, ya zo Kano a 1900 tare da Bishop Tugwel, Sarkin Kano Alu ya sallame su, daga baya ya zauna a cikin birnin Zariya a 1905 yana magani yana koyar da yara. A 1913 wasu daga cikin zuriyar Isawa suka zo wurinsa. Waɗanda suka karɓi bangaskiya aka kafa musu ƙauye a Gimi, da gonaki da makaranta. Idan ta kawo nan muryarta takan sauya, domin ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya shiga ƙauyen ya yi ta ɗibar mutane har aka watse. Mahaifinta yana cikin yaran da suka tsira. Ya tashi a hannun mishan, kuma yana cikin waɗanda suka kwaso kaya suka fito Wusasa a 1929, bayan doguwar taƙaddama kan zaman mishan a cikin ganuwa.

Mahaifiyarta kuwa 'yar birni ce, daga gidan masu ɗinkin riguna. Rashin lafiya ya kawo ta asibiti, ta daɗe tana jinya, a nan ta ji bishara, a nan kuma ta yi aure. Gidansu bai ji daɗi ba, kuma ba na jin akwai wanda zai yi mamakin haka. Wasu sun yanke ta har suka mutu ba su sake ambatar sunanta ba. Yayanta guda ne ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Maganar tana da ɗaci in ka dube ta daga wajenmu, amma ita ce ta bar ƙofa a buɗe, kuma ta wannan ƙofa Kaka ta yi ta shiga da fita har ƙafafunta suka gaza.

Da safe kafin sujada na zagaya tsohuwar majami'ar Sent Batalomi. Wanda bai taɓa ganinta ba, in ya zo Zariya ya daure ya ƙarasa. Ginin laka ne na 1929, aikin magina Hausawa, bango mai kauri, rufin soro da azara, da bakan gizo da ya tashi daga ƙasa ya haɗu a sama. Fasahar da ke cikinta ita ce dai wadda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya nuna a tsohon masallacin Juma'a na birni tun ƙarni na 19. Kana shiga sanyi zai rufe ka, muryarka ta sauka da kanta. A nan aka yi wa Kaka baftisma, a nan aka ɗaura mata aure. Yanzu akwai babbar majami'a sabuwa, musamman tun da Wusasa ta zama mazaunin bishop a 1997, amma har ta tsufa, in ta zo wucewa ta tsohuwar sai ta tsaya ta dafa bango. Takan ce mahaifinta ya taka ƙasar ginin da ƙafarsa, ya kuma ɗauki tubali a ka.

Sujadar da Hausa aka yi ta daga farko har ƙarshe. Limami ya karanta Zabura ta 90, inda aka ce kwanakin ɗan'adam shekara saba'in ne, in da ƙarfi tamanin, ya ce Kaka ta wuce tamanin ɗin da nisa, kuma ba a zaune ta cinye ragowar ba. Sannan aka ba 'yan Zumuntar Mata fili. Suka taso cikin anko, da tulu da caki da ƙaramar ganga, ɗaya na bayarwa saura na amshi, wata tsohuwa a baya tana rangaɗa guɗa. Waƙoƙin da suka yi, da dama Kaka ce ta tsara su. Ba ta taɓa rubuta ko ɗaya ba. Aya take ɗauka ta yi ta juya ta a baki tana daka ko tana tankaɗe, har ta zauna daidai da bugun taɓarya, ranar taron mata ta je ta koya musu. Na yi ƙoƙarin riƙe kaina, amma da suka ɗauko wadda take yi mana in zazzaɓi ya kama mu, sai na ji Mama a gefena ta fashe da kuka, ni ma na bi ta.

Aka ce mai shaida ya fito. Mata ne suka fi yawa. Wata ta ce Kaka ce ta karɓi haihuwarta a daren da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, hanya ta yanke, ba damar zuwa asibiti. Shekaru masu yawa ta yi tana taimakon ungozoma a asibitin Sent Luk, kuma bayan ta bar aiki ba a daina buga mata ƙofa da tsakar dare ba. Wata ta ce a zaurenmu ta koyi karatu tana da 'ya'ya huɗu, lokacin da ake yaƙi da jahilci, Kaka na nuna musu baƙaƙe a jikin allo, in sun gaji ta karanta musu Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a nan Zariya a 1939. Wata kuma, gwauruwa, ta ce shekara guda cur bayan mutuwar mijinta, kullum da magariba sai ta ga yaro da kwanon tuwo da miyar kuka, ba a taɓa ce mata ga wanda ya aiko ba, amma ta gane daddawar.

Idan ana maganar Wusasa, sunayen da ake kawowa sanannu ne, kuma sun cancanta. Janar Yakubu Gowon, wanda ya mulki Nijeriya daga 1966 zuwa 1975, a nan ya tashi, mahaifinsa mai aikin bishara ne. Dokta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, tarbiyyar mishan ɗin nan ne. Haka Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, wanda shi ma zuriyar Isawa ne. Muna alfahari da su. Amma ina zaune ina sauraron matan nan sai na ga cewa ƙaramin gari irin wannan bai fitar da irin waɗannan mutane da makaranta kaɗai ba. Akwai waɗanda suka yi surfe da wanki da jinya, suka sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa aka biya kuɗin makaranta, suka riƙe marayu ba tare da an rubuta ko'ina ba. Tsararrakin Kaka ke nan, kuma saura ƙalilan a cikinsu. Abin da ke damuna shi ne muna binne su da abin da suka sani, ba mu zauna mun ɗauka ba.

A maƙabarta ba mu daɗe ba. Aka yaye farin ƙyalle daga kan dutsen, limami ya yi addu'a, muka yi waƙa ɗaya. Kabarinta na kusa da na Kakanmu namiji, kamar yadda ta roƙa.

Da muka koma gida tukwane sun riga sun hau wuta. Kawu ya sayi rago, kuma tun da asuba ya aika aka kira maƙwabcinmu mahauci, Musulmi, ya zo ya yanka. Haka Kaka ke yi kowace Kirsimeti da kowane biki. Ko kaza ce ba ta yarda wani a gidan ya sa mata wuƙa, don kada a kai wa wani abinci ya karɓa da fara'a ya je ya zubar a ɓoye. Akwai waɗanda suka sha ce mata wannan wahalar da kai ce, ai Kirista ba ya buƙatar haka. Takan ce ita ma ta sani, ba don cikinta take yi ba. Da la'asar Inna ta zuba shinkafa da miya a babbar langa, ta cika wata da nama, ta ƙulle cincin a leda, ta ɗaure duka da adiko. Ta dube ni ta ce, “Ɗauki, kin san hanya.” Tun ina 'yar firamare ni ce 'yar aiken birni. Ranar Kirsimeti in kai shinkafa, ranar babbar Sallah in dawo da cinyar rago, kuma kowace tafiya da tukuicinta.

Kaka da ƙafa take yin wannan tafiya, ta yanke ta gonaki ta shiga ta ƙofar da ta fi kusa, da kaya a ka da goyo a baya. Ni mai keke ne ya zagaya da ni ta Tudun Wada, muka shiga ta Ƙofar Doka. Ganuwa ta zaizaye, wani wurin sai tudun ƙasa kawai, amma birni na nan da cikarsa. Masu ɗinkin hula da aska takwas a bakin zauruka, almajirai da robobinsu, ƙanshin ƙosai da hayaƙin itace. Muka wuce Babban Dodo, na hango ƙofar fada da zanenta mai launi, da masallacin Juma'a a gefe. Ba nisa da nan Durumin Maigarke yake, inda Likita Mila ya zauna kafin a fita Wusasa. Daga inda keke ya tsaya sai lungu, kuma ƙafata ba ta manta ko kwana ɗaya ba.

Hajiya 'yar kawun Kaka ce, wato taubashiyarta, 'yar wancan yayan da ya ƙi yanke zumunci. Ta girmi duk wanda ke unguwar yanzu. Idonta ya yi rauni, ƙafa ta ƙi, tana zaune a kan buzu a ƙofar ɗaki tana shan 'yar ranar yamma da ta rage. Na yi sallama na durƙusa.

“Wace ce?”

“Ni ce, Hajiya. Daga Wusasa.”

Ta laluba ta kamo fuskata da hannu biyu. “Kishiya! Ashe za ki tuna da ni? Na ce tunda Yaya ta tafi shi ke nan, an rufe hanyar Wusasa.”

Muka gaisa, ta tambayi Mama da Kawu da Inna da yara kowa da sunansa. Ta yi mini ta'aziyya kamar yau abin ya faru, na yi mata, domin ita ma rashin nata ne. Ranar jana'iza ba ta iya zuwa ba, amma ta tura 'ya'yanta maza da buhun gero, suka zauna a zaurenmu aka karɓi gaisuwa tare da su. Aka buɗe langa, ta sa hannu ta ɗanɗana miyar, ta ce ta yi daɗi amma ba ta kai ta Yaya ba. Daga nan hira ta ɓalle. Ta ba ni labarin yadda suke rigimar kuɗin shara kowace shekara a watan cika-ciki, yadda Kaka ta zo ta kwana bakwai a gidan lokacin haihuwarta ta fari mai wuya, ta dafa mata ruwan wanka da kunun kanwa. Sai ta yi shiru, ta ce, “Kin san kin taɓa kwana a ɗakin nan kina ƙarama, ko ba a faɗa miki ba?”

An faɗa mini, amma ban taɓa ji daga bakinta ba. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, cikin 'yan kwanaki ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da wasu garuruwa, aka ƙona majami'u masu yawa. Hajiya ta ce da labari ya iso, maigidanta, Allah ya jiƙansa, bai jira gari ya waye ba. Ya ari motar wani abokinsa ya nufi Wusasa, ya kwaso mu yara da matan gidan ya kawo nan, aka yafa wa manyan mayafi aka shigar da su ɗaki. Kaka ta ƙi biyo su. Akwai mai naƙuda a hannunta, ta ce ba inda za ta.

“Da ƙura ta lafa ta zo ɗaukarku,” in ji Hajiya. “Ta zauna nan inda kike. Ba ta gaishe mu da dariya ba ranar. Ta faɗi abin da ta gani da idonta, ta faɗi wuraren da aka ƙona, ta ce wasu cikin yaran da suka yi abin ita ta yanke musu cibiya. Ta yi kuka, ta faɗa mana magana mai zafi. Muka yi shiru, don ba ƙarya ta yi ba. Da ta gama na kawo tuwo, na ce ko za ta ci. Ta wanke hannu ta ci.”

Bayan wata biyu da 'yan kwanaki aka yi ƙaramar Sallah, sai ga ta da ƙafa, ta zo barka da Sallah kamar kowace shekara. Wannan ɓangaren na san shi daga wajen Mama, domin a Wusasa ba kowa ne ya ji daɗin zuwan nata ba. Raunin bai warke ba, kuma waɗanda suka yi magana ba mugaye ba ne, mutane ne da aka ƙona musu wurin sujada. Wata ta tare ta a bakin majami'a ta ce, “Mama, har yanzu ba ki daddara ba?” Kaka ta ce Ubangiji ya umarce ta ta ƙaunaci maƙwabcinta, har ma da maƙiyinta, to balle waɗanda suka fito tsatso ɗaya da uwarta, suka kuma ɓoye mata jikoki. Ba ta ƙara a kan haka ba.

Na sha jin mutane suna yabon irin wannan zama da cewa wai tsofaffi ba su ɗauki bambancin addini da muhimmanci ba. Wanda ya faɗi haka bai san Kaka ba, bai kuma san Hajiya ba. Kaka ba ta taɓa ɓoye gicciyen da ke wuyanta a cikin birni ba, kuma in an ce ta yi wa mara lafiya addu'a, cikin sunan Yesu Almasihu take rufewa, a gaban kowa. Na tambayi Hajiya ko hakan bai taɓa ɓata mata rai ba. Ta ce, “Ke yarinya, ni har ta mutu ina yi mata sha'awar Musulunci, ita ma har ta mutu tana yi mini sha'awar nata. Mun faɗa wa juna, ba sau ɗaya ba. Ta san inda na tsaya, na san inda ta tsaya. In lokacin salla ya yi tana nan, ita ke zuba mini ruwa a buta.” Kowace a cikinsu ta riƙe abin da ta gaskata da hannu biyu, kuma kowace ta damu da makomar 'yar'uwarta da gaske. Hakan ya fi wuya nesa ba kusa ba a kan a yi kamar babu bambanci, kuma sun yi shi fiye da shekara saba'in.

Na gaya mata sunanta da na 'ya'yanta da jikokinta duk suna cikin Littafin Kaka, kullum asuba sai ta ambace su. Ta ce ta sani, ai duk haihuwar da aka yi a gidan, bayan suna sai Yaya ta sa an maimaita mata sunan da kyau don kada ta rubuta ba daidai ba.

Magariba ta gabato, na ce zan koma. Ta sa aka wanke langa aka zuba mata dambun nama da dubulan, don ba a mayar da kwano wayam. Ta kwance bakin zaninta ta ciro goro biyu da 'yan kuɗi a nannaɗe ta danƙa mini, ta ce tukuici ne. Na ce, “Hajiya, ai na girma.” Ta ce ba a gabanta ba. Sannan ta ƙwala wa wata jikarta kira, budurwa mai karatu a jami'a a Samaru, ta ce mu gaisa da kyau mu karɓi lambar juna, domin an sa bikinta bayan ƙaramar Sallah, kuma tun da aka sa ranar take tunanin wa za a kai wa goron gayyata a Wusasa yanzu. Yarinyar ta raka ni har bakin titi, tana ce mini Yaya, tana tambayata ko gaskiya ne Kakarmu ce ta karɓi haihuwar babanta. Na ce sunansa na nan a rubuce da ranar, in ta zo gida zan nuna mata.

Da daddare muka zauna a tsakar gida da Mama da Kawu da Inna, na ba su labarin yadda muka yi. Aka yanke cewa Littafin zai zauna a ɗakin Kaka, ba wanda zai tafi da shi garinsa. Abincin Kirsimetin bana yaran Inna za su kai, tunda su ke kusa, Kawu kuma ya ce shi zai riƙa leƙa Hajiya duk ƙarshen wata. Bikin aka bar mini. Washegari ina cikin motar Kaduna, ba mu kai Jaji ba amarya ta turo mini hoton atamfar anko ta waya, shuɗiya mai ratsin ruwan goro, ta ce in yi sauri in saya kafin ta ƙare a kasuwa. Na saya a Kaduna kafin in wuce tashar jirgi, yanzu haka tana wajen tela.